Jojiyar Malam Sharfaddeen

Duk faɗin unguwar Manawashi ta Gombe, in ana son sanin yadda duniya take, ƙofar gidan Malam Sharfaddeen ake zuwa. Ya yi aikin gidan waya tun yana saurayi har ya yi ritaya, yana ware wasiƙu, kuma a bayan ambulan ya haddace sunayen ƙasashe da manyan biranensu. Shi kansa bai taɓa wuce Kaduna ba. Can ɗin ma taron ma'aikata ne ya kai shi, ya dawo da mura. Amma hakan bai hana shi sanin irin sanyin da ake yi a Kanada ba, har yakan kaɗa kafaɗa in yana ba da labarinsa, kamar mai tuna wahalar da ya sha.

In an yi la'asar aka shimfiɗa tabarma, sai ya dubi mutanen majalisa ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Babban birnin Ostireliya?"

Ba a rasa wanda zai ce Sidni. Shi kuwa dama shi ake jira.

"Kanbera," sai Malam ya ce, yana gyara zaman hularsa. "Ku riƙa tambaya kafin ku yi magana."

Ba wanda ya taɓa tuna masa cewa shi ne ya yi tambayar. Daga nan sai a shiga kogin Nilu, a fito ta Amazon, a leƙa tsibirin Girinlan wanda ya ce ya fi kowane tsibiri girma amma ba a noma ko kuɓewa a cikinsa. Mutane suna sauraro, domin labarin yana da daɗi, kuma shayin gidan Malam ba a yi masa rowar sukari.

A zaurensa akwai wata ƙatuwar taswirar duniya da ya ɗauko daga ofis ranar da za a zubar da ita, tun zamanin soja. A jikinta Sudan guda ɗaya ce, Kwango tana amsa sunan Zayar, Tarayyar Sobiyet kuma ta miƙe daga wannan gefe zuwa wancan kamar wanda ya kwanta a gadon da ba kowa. An sha ba shi shawarar ya sayi sabuwa. Ya ce ƙasa ba riga ba ce da za a ce ta tsufa.

Ƙaninsa, Alhaji Jibrilla, yana sayar da kayan gyaran mota a Bolari, gidansa kuma yana Madaki, inda mahaifiyarsu Dada take zaune. A wurin Jibrilla duniya ba ta da wahalar fahimta. Akwai Japan inda ake yin na ainihi, akwai Beljiyam inda ake samo na hannu mai kyau, akwai Caina inda ake yin sauran. Duk abin da ya wuce haka, na Yaya ne.

'Yar Jibrilla, Fiddausi, ita ce ta jawo maganar. Yarinya ce mai ƙoƙari, marar hayaniya, wadda ta daɗe tana neman gurbin karatun likita a nan gida ba ta samu ba. Wata malamarta ta nuna mata hanyar neman makarantun waje, ta nema, aka ɗauke ta. Da yammacin ranar da saƙon ya shigo wayarta, Jibrilla ya sa ta a gaba sai Manawashi, don a gaya wa babba.

Ta durƙusa a bakin zaure ta gaishe shi. Mutanen majalisa suna nan a zazzaune.

"Yaya, 'yarka ce ta samu karatun likita a waje," in ji Jibrilla.

"Masha Allahu. Wace ƙasa?"

"Jojiya, Baffa," Fiddausi ta amsa.

Malam Sharfaddeen ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Ya miƙe, ya je gaban taswira, ya ɗora yatsa a kudu maso gabashin Amurka ba tare da ya nema ba.

"Ga ta nan. Jojiya. Babban birninta Atlanta. Jiha ce, ba ƙasa ba, ki gyara tun yanzu kada ki je ki ba mu kunya. Jibrilla, 'yarka Amurka za ta."

"Baffa, ba wannan Jojiyar ba ce," Fiddausi ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Malam ya juyo ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa marar lafiyar da bai san ciwonsa ba.

"Jojiya nawa ce a duniya, 'yata? Ke da aka haifa jiya. Ni na ga wasiƙun Atlanta da idona, da tambarinsu, tun ubanki yana yawo ba wando."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, Jibrilla ya harare ta. A gidansu ba a yi wa babba gyara a gaban mutane, balle a gaban taswirarsa. Ta sunkuyar da kai. A hanyar komawa ta sake gwadawa a cikin mota, ta ce, "Abba, ƙasa ce daban, tana kusa da Turkiyya." Jibrilla ya ce ta bar wannan maganar, ita dai ta riƙe karatunta, sanin inda ƙasashe suke kuma ta bar wa masu shi. Mahaifiyarta ma da ta ji, cewa ta yi, "To ke mene ne naki? In jirgi ya sauke ki ai za ki ga inda kike."

Kafin sallar Juma'a labari ya gama Madaki, ya tsallaka Bolari. Masu shagunan da ke layin Jibrilla suka koma kiransa Baban Amurka, shi kuma yana cewa su bari, da muryar da ke nufin su ƙara. Wani ɗan abokinsa mai suna Abdulrazak, wanda a da ko sallamar Fiddausi ba ya amsawa da kyau, ya fara zuwa gaishe da Dada da ledar lemo, yana tambayar lafiyar ƙafarta kamar shi ya haife ta. Malam Sharfaddeen kuwa ya rufe babin Nilu da Amazon, majalisa ta koma darasin Amurka zalla. Ya bayyana musu faɗin titunan Atlanta. Ya gaya musu irin gyaɗar da ake nomawa a can, ya ce ta yi kusa da ta Kano amma ba ta kai ta mai ba. Har ya ja wa Fiddausi kunne, ta bakin ubanta, kada ta kuskura ta je bakin kogin Misisifi da magariba.

Fiddausi ta ci gaba da shirinta. Duk wanda ya tare ta ya ce, "'Yar Amurka," sai ta ce, "Ba Amurka ba ce," shi kuma ya yi dariya ya ce yarinyar akwai kunya da ƙanƙan da kai.

Maƙwabciyarsu Debby, wadda kowa ke kira Maman Nehemiah, ita ta fi kowa murna. Ɗanta Nehemiah ya daɗe a Atlanta yana aikin jinya, kuma rabonta da shi tun bikin ƙanwarsa. Ta shiga kasuwa ta haɗo daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da kilishi, ta ɗaure su a ƙatuwar jaka, ta shigo da ita gidan Jibrilla wata ranar Asabar da rana, tana haki. Ta tarar da Malam Sharfaddeen a tsakar gida, ya zo duba shirin tafiya, wato ya zo ya faɗi abin da ba a yi daidai ba.

"Malam, gara da na same ka," in ji Debby. "Bari in kira yaron, su yi magana da Fiddausi, ya san ranar da zai je tarbarta."

"Kin yi tunani," Malam ya ce. "Filin jirgin Atlanta ba wurin wasa ba ne. Mutum yana iya ɓata a ciki har a yi masa sadakar bakwai."

Ta kira, fuskar Nehemiah ta fito a waya, da alamar bai daɗe da tashi daga barci ba. Ya gaishe da Malam, ya gaishe da Alhaji, ya yi wa Fiddausi murna.

"Ƙanwata, wane gari makarantar take? Atlanta ko Sabana?"

Fiddausi ta dubi ubanta, ta dubi Baffanta. Wannan karon tambayarta aka yi.

"Tibilisi," ta ce.

Fuskar Nehemiah ta tsaya cak a wayar, har Debby ta girgiza wayar tana zaton sabis ne ya ɗauke. Sai ya fara dariya, yana ƙoƙarin dannewa saboda manya.

"Mama, wannan ai ba tamu ba ce. Ƙasa ce mai zaman kanta, tsakanin Rasha da Turkiyya. In ta kai kayan nan can, ta ƙara nesa da su ne. Daddawar tana nan Gombe ta fi kusa da ni."

Debby ta dubi jakarta, ta dubi Malam. Jibrilla ma ya dubi Malam. Kazar da ke tsakar gidan ce kaɗai ta ci gaba da harkarta.

"Kawo wayarki," Malam ya ce wa Fiddausi. "Nuna mini."

Ta buɗe taswira a wayarta, ta ja da yatsu biyu har wata 'yar ƙasa ta fito a gefen wani teku, a daidai wurin da Tarayyar Sobiyet take kwance a zaurensa. Ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar. Ƙasar ba ta gusa ba.

"Shekara da shekaru ina gidan waya," ya ce, "ban taɓa ganin wasiƙa ko ɗaya daga wannan wurin ba. Ƙasar da ba ta da wanda za ta rubuto wa a Gombe, ban san me ya sa ake kiranta ƙasa ba."

Ya miƙa wayar, ya ce yana da uzuri, ya fita. Debby ta ɗauki jakarta, ta ce kilishin dai Fiddausi ta riƙe, ko ina za ta ai za ta ci abinci. A makon nan Abdulrazak ya daina zuwa. Da alama ƙafar Dada ta warke.

Malam Sharfaddeen ya yi kwanaki bai fito majalisa ba. Aka ce ciwon gwiwa ne. Masu zuwa dubiya sun ce sun same shi a ɗaki da wayar wata 'yarsa, gwiwar tana miƙe lafiya lau, yana karatu yana motsa leɓe kamar mai shirin jarrabawa. Ranar da ya fito, ya fito da farar riga wadda ta sha guga.

"Na ji ana ta surutu," ya ce wa mutanen majalisa. "Jojiya biyu ce, wannan kowane ɗan makaranta ya sani. Na bar ku ne in ga ko akwai wanda zai gyara. Babu."

Wani ya ce ai yarinyar ta gyara. Malam ya ce magana ake yi ta manya.

Da abin ya tsaya a majalisa da an huta. Amma Malam yana ganin a gidan Jibrilla aka zubar masa da girma, don haka a can ya kamata ya kwashe shi. Ya tafi Madaki, ya sa aka taru a ɗakin Dada, wai zai yi wa iyali bayanin inda 'yarsu za ta.

Dada tsohuwa ce mai kaifin ji, Bafulatanar da aka auro daga ruga tana yarinya, ta zo ta haifi 'ya'yanta a gari. Tun farko ba ta damu da Amurka ba. An ce mata akwai ɗan Debby a can, ta ce to akwai na gida, shi ke nan. Tana zaune a kan darduma da carbi a hannu, Fiddausi na gefenta tana matsa mata ƙafa.

"Dada, ƙasar nan tana cikin duwatsun Kokeshiya," Malam ya fara. "Duwatsu ne da in aka ajiye dutsen Bima a gefensu, sai a ce curin ƙasa ne. Ƙanƙara ba ta sauka daga kansu. Ta arewa ta yi iyaka da Rasha."

"Masu yaƙin nan?"

"Su. Ta yamma kuma tana bakin Baƙin Teku."

Carbin Dada ya tsaya.

"Baƙi?"

"Sunansa ke nan. Babban birnin kuwa, inda makarantar take, wani kogi ne ya ratsa shi ta tsakiya, ana ce masa Kura."

"Kura."

"Kura, Dada. Shi kuma birnin, Tibilisi."

"Sake faɗa."

"Tibilisi."

Dada ta janye ƙafarta daga hannun Fiddausi. Ta yi a'uziyya, ta tofa a dama, ta tofa a hagu.

"Jibrilla," ta ce, "ashe garin Iblisi za ka kai mini jika? Kura a tsakiya, baƙin ruwa a gefe, masu yaƙi a ka. Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Dada, suna ne kawai," in ji Jibrilla.

"Ba a raɗa suna a banza. Ba za ta ba. In likita kuke so, ta je ta koyi allura a nan, ta dawo gida ta kwana."

Ta juya musu baya, ta ci gaba da jan carbi. Duk wanda ya san Dada ya san an rufe magana. Jibrilla mutum ne da zai iya yin ciniki da direban tirela tun safe har azahar bai gaji ba, amma bai taɓa cewa uwarsa a'a ba. Ya fito yana share zufa, ya ce wa Fiddausi ta yi haƙuri, wataƙila ba rabonta ba ne.

Fiddausi ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shiga ɗaki ta yi abinta, ta wanke fuska. Washegari da safe ta hau Keke sai Manawashi, ta sami Baffanta a zaure shi kaɗai. Ta gaishe shi kamar kullum, sannan ta zauna, abin da ba ta saba yi ba sai an ce mata.

"Baffa, lokacin da kuka kai ni Amurka na haƙura. Yanzu kun dawo da ni gida gaba ɗaya. Ku kuka ɗaure, ku za ku kwance."

Malam ya so ya yi faɗa. Ya duba fuskarta, ya ga idanun sun kumbura, sai faɗan ya maƙale. Duk surutunsa, shi ne ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, kuma shi ya raka ta makarantar firamare ranar farko yana gaya mata babban birnin Mali a hanya.

"Na ce wani abu da ba gaskiya ba?" ya tambaya.

"A'a, Baffa. Wannan karon duk gaskiya kuka faɗa. Shi ya sa abin ya lalace."

Ya ɗaga kai ya dubi bango. Sannan ya miƙe ya ciro taswirar daga bango, abin da ba a taɓa gani ba, ya naɗe ta, ya ce ta tashi su tafi.

Suka sami Dada tana shan fura. Malam ya zauna nesa kaɗan, ya fara da abin da ya fi iyawa.

"Dada, kin san Mutum Biyu, ta hanyar Jalingo?"

"Na sani."

"Mutum nawa ne a garin?"

Ta ci gaba da juya ludayi a cikin furar.

"Dadin Kowa fa? Kowa ne ya ji daɗi a can? Ai kin san wanda ya je ya dawo da zazzaɓi. Baƙin Teku ruwa ne irin na kowa. Tibilisi kuma a bakinsu yana nufin wuri mai ɗumi, saboda ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, kamar na Wikki. Kura kuwa, Dada, ke da kika auri mutumin Kura ta Kano? Kika zauna da mahaifinmu har Allah ya karɓi abinsa, bai cinye ki ba."

"Wa ya gaya maka bai cinye ni ba?" in ji Dada. "Kai dai ka tarar da ƙashi ne."

Jibrilla, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai yana tari. Dada ta kurɓi furarta. Ta ajiye ludayi, ta dubi jikarta, ba ɗanta ba.

"Ke nake tambaya, ba mai taswira ba. Akwai masallaci a garin?"

"Akwai, Dada. Na gani a hoto, na jan bulo ne, a tsohon gari. Yawancin mutanen Kirista ne, amma akwai Musulmi."

"In za ki yi salla ina za ki kalla?"

Malam ya riga ta. "Kudu za ta kalla."

Dada ta dafa ƙirji. "Kudu? Garin da ake juya wa gabas kafaɗa?"

Fiddausi ta yi wa Baffanta wani kallo da bai kamata 'ya ta yi wa baffa ba, kuma ya karɓa.

"Dada," ta ce, "da kika je Madina ina kika kalla?"

"Inda liman ya kalla."

"To kudu ne. Makka tana kudu da Madina. Mutanen Tibilisi ma Makka tana kudu da su. Alƙiblarmu za ta zama kusan ɗaya da ta mutanen Madina."

Dada ta shiga juya maganar a ranta. Malam ya ga ƙofa ta buɗe, ya warware taswirar a ƙasa, ya danne gefunanta da takalmansa da ƙwaryar furar. Ya zaro tsinke daga tsintsiya, ya ɗora kansa a kan Makka, ya miƙa shi zuwa inda Gombe ya kamata ta kasance, don masu taswirar ba su ga damar rubuta ta ba. Ya karya tsinken a nan. Sannan ya sake ɗora shi daga Makka zuwa Tibilisi, wadda yanzu da aka nema sai ga ta da ƙananan haruffa a gindin Tarayyar Sobiyet, inda take zaune shekara da shekaru tana kallon majalisarsa. Tsinken ya wuce ta, ya yi saura.

"Kin gani, Dada. Sun fi mu kusa da Makka."

Dada ta karɓi tsinken, ta gwada da hannunta, ta sake gwadawa, don ba ta yarda da awon Sharfaddeen ba tun yana yaro ana aikensa sayen gero.

"To me ya hana ku faɗi haka tun farko?" ta ce. "Kuka tsaya kawo mini kura da Iblisi. Ku da ilimin nan naku, ba ku san abin da ake fara faɗa ba."

Ta jawo Fiddausi kusa, ta dafa kanta. "Ki je, ɓingel am, 'yata. Amma kogin nan, ko sunan banza ne, ban ce ki je bakinsa ba."

Kafin yamma Dada ta gaya wa duk matan da suka shigo gaishe ta cewa jikarta za ta karatun likita a kusa da Makka. Wasu suka fara ba da saƙon dabino da zamzam. Fiddausi ta buɗe baki za ta gyara, ta tuna abin da gyara ya jawo, ta ce Allah ya ba da iko.

Ta tafi a farkon sanyi, ta Abuja, ta sauka a Istanbul ta canza jirgi. Malam Sharfaddeen ya raka ta har tasha, yana gaya mata cewa Istanbul rabinta na Turai rabinta na Asiya, ta lura da kyau ta gaya masa a wane rabin aka sauke ta. Da motar za ta tashi ya leƙa ta taga, ya rasa abin faɗa, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Ya ce ta riƙa sa safa.

Bayan ta kwana biyu da isa, ta kira ranar wata Lahadi da la'asar, Jibrilla ya kawo wayar majalisa don kowa ya gani. Ta nuna musu titi ta taga, da wani dutse a bayan gari, da allon wani shago mai rubutu kamar an zubar da taliya. Malam ya ce haruffansu ke nan, ya san da su.

"Mutanen fa?" wani ya tambaya.

"Suna da kirki," in ji Fiddausi. "Tsohuwar da nake haya a gidanta kullum sai ta kawo mini burodi mai cuku. Sai dai ta ɗauka daga Aljeriya nake. Na ce mata Najeriya, ta ce ai ta sani, Aljeriya, tana bakin teku kusa da Faransa, har ɗan ƙanwarta ya taɓa zuwa. Ta gaya wa duk maƙwabta."

"Ba ki gyara mata ba?" in ji Malam.

"Na gwada, Baffa. Ta ce ita ta girme ni."

Malam Sharfaddeen ya karɓi wayar daga hannun ƙaninsa, ya matso da ita daf da hancinsa, har ba a ganin komai a can ɓangaren sai tabarau.

"Ki ce mata Aljeriya tana arewa, mu muna yamma, akwai Nijar da hamada guda a tsakani. Mutum ya tsufa bai san inda ƙasashe suke ba, kuma a gaya masa ya ƙi ji." Ya girgiza kai, ya dubi mutanen majalisa. "Wallahi jahilci ba shi da daɗi. Haɗa ni da ita."

Fiddausi ta ce tsohuwar ba ta jin Turanci, balle Hausa. Malam ya ce ba komai, ta kira ta, zai yi magana a hankali.